Abin Da Hoton WhatsApp Ba Ya Nuna Wa Mai Gini Daga Nesa

Kusan duk ɗan kasuwar da ya daɗe a waje yana da gini a gida, in ma bai fara ba to niyyar tana ransa. A zangon Kumasi, a Lome, a Kwatano, a unguwar Hausawa ta Yawunde, wayar kowa cike take da hotunan da ƙane ko ɗan yaya yake turowa: ga bulo an sauke, ga gini ya kai taga, ga shi ya kai linta. Mutum ya duba ya ji sanyi a ransa, ya sake tura kuɗi.

Ba raina hoto nake yi ba. Mu da muka ga zamanin da ake ba direban motar goro wasiƙa da kuɗi a ƙulle cikin leda, sai bayan wata guda a ji ko sun isa, mun san ni'imar da ke cikin wayar nan. Amma hoto tsawon bango yake nunawa da launin fenti. Abubuwan da ke riƙe gida kuwa duk binne su ake yi ko a rufe su: zurfin harsashi, irin ƙasar da aka yi ciko da ita, yawan simintin da ke cikin bulo, kaurin rodi, da yadda aka ɗaure rufi. Kowannensu rana guda gare shi. In ranar ta wuce, ko da kanka ka zo ba za ka gani ba sai ka fasa. Shekarata ashirin da 'yan kai ina kasuwanci a Ghana, na yi gini sau biyu a ƙasar Katsina daga nan, na kuma zauna da magina sosai, saboda haka da idon ɗan kasuwa zan yi maganar: a ƙirga, a auna, a ɗora a sikeli.

A fara da fili. Dillalai sun fi son nuna fili da rani, lokacin da ko'ina a bushe yake kamar faranti. Kai kuma da rani ka fi zuwa gida, to kun haɗu. Filin da za ka saya, a duba maka shi cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba za a iya jira ba, a kalli bangon maƙwabta, domin ruwa ba ya ɓoye inda ya tsaya, yakan bar zane a jikin gini. A tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin shekara talatin da suka wuce. A manyan garuruwanmu filaye da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara, kuma shara ba ta daina zama ƙasa-ƙasa har gini ya tsage. Daminar 2024 ta tuna wa kowa wannan. A watan Satumba na shekarar madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, a cikin watan kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe saboda ruwan sama. Wanda filinsa ke yankin Tafkin Chadi ko arewacin Kamaru kuma yana da wata matsalar ta daban, baƙar ƙasar nan da ake kira firgi, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani. Harsashin da ya isa a kan marmara ba ya isa a kanta, wannan sai an kira injiniya.

Takarda kuma ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san zafinta. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, takardar mai unguwa shaida ce amma ba ita ce ta ƙarshe ba. Mai son ginawa a nan Ghana, in ba ɗan ƙasa ba ne, ya sani tsarin mulkin 1992 bai ba shi fiye da hayar shekara 50 ba. Sunanka ya zama shi ne a takarda, ba sunan wanda ka aika ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ba zargi ba ne. Mutuwa ce ba ta sallama, kuma magada takarda suke karantawa.

To, an zo haƙa. A haƙa har sai an tarar da ƙasa mai tauri, ba wai a ce ƙafa biyu ko uku a tsaya ba, kowane fili da nasa. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne tsayin daɓe. Titin ƙofar gidanka na yau ba shi ne na gobe ba. Ranar da gwamnati ta zo zuba kwalta, sai ta yi ciko ta ɗaga titin, ta yi kwata, gidan da aka yi daidai da ƙasa ya koma rami, duk ruwan unguwa ya san hanyar zaurenka. Ku duba tsofaffin unguwanni, gidaje nawa ne ake gangarawa kafin a shiga? Ƙara layi biyu ko uku na bulo a harsashi da tifofin ciko kuɗi ne, amma tayil ana iya sa shi bayan shekara biyar, daɓe kuwa ba ya ɗaguwa.

Cikon ya zama marmara ko jar ƙasa mai tsabta. A zuba kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a daddaɓe, sannan a ƙara. Leburori sun fi son su juye tifa gaba ɗaya su baje, ya fi sauri. Bayan shekara biyu sai ka taka tsakiyar ɗaki ka ji yana amsawa kamar ganga, tayil ya fara fashewa. Bayan ciko a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wata ya hau kan wata, ta haye har kan bulon harsashi, sannan a zuba kankare a kai. Wannan ledar ita ce maganin abin da muke kira kanwa. Bulo yana shan ruwan ƙasa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Ruwan ya hau da gishirinsa, ya bushe a jikin bango, gishirin ya kumbura ya ture fenti da filasta. Shi ya sa za ka ga sabon gida, daga ƙasa zuwa gwiwa ya yi fari yana zuba. Abin da mutane ke yi sai su manna tayil a wurin. Ruwan bai tafi ko'ina ba, hanyar fita aka toshe masa, sai ya hau sama da tayil ɗin ya ci gaba da aikinsa. Ga wanda gidansa ya riga ya kamu, abin da ke rage ɓarnar shi ne a nisanta ruwa daga gindin bango: a yi dakali mai gangara zagaye da ginin, a kai ruwan wanka da na wanke-wanke waje ta bututu, a kankare filastar da ta ruɓe a bar bangon ya sha iska kafin a sake yaɓawa. Ranar shimfiɗa leda, ka ce a ɗauko maka bidiyo kafin a zuba kankare. Minti biyu ya isa.

Bulo shi ne inda aka fi cutar mai gini daga nesa, domin bulo mai kyau da na banza kamarsu ɗaya a hoto. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Kalambaina ne, ko na Ashaka, ko Malbaza, ko Figil. Maginan da na yarda da su ba sa wuce bulo 25 zuwa 30 mai inci tara a buhu guda. Wasu masu gidan bulo kuwa suna jan buhu har ya ba da 45 ko 50. Mu yi lissafi. Bulon Najeriya kusan guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, daga daɓe zuwa rufi, in an cire ƙofa da taga, zai ci wajen bulo 400. In an buga shi yadda ya kamata buhu 14 ke nan, in an ja shi buhu 9. Buhu biyar ne tsakanin ɗakin da jikokinka za su kwana a ciki da wanda ƙusa ba za ta zauna a bangonsa ba. Masu gini a Nijar da Kamaru, bulonku na 15 da na 20 ya ɗan fi gajarta, 12 da rabi ke cika mita, sai ku gyara lissafin.

Ni ra'ayina a sayi siminti da yashi, a kira masu bugawa su buga a filin, wani naka yana zaune yana ƙirga buhun da aka fasa da bulon da ya fito. In dole sai an saya, gwajin ba wuya. A ɗaga bulo zuwa ƙirji a sake shi a kan ƙasa mai tauri. Mai kyau ko dai ya tsaya ko ya rabu biyu, na banza zai watse kamar an fasa tulu. A murza gefensa da yatsa, in yashi yana zuba to a mayar. Sai ban ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Safe da yamma har kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka san shi da shi. Da hunturu, iskar nan tana tsotse ruwan bulo cikin sa'o'i kaɗan, sai an rufe shi da buhunan banza ko ciyawa an riƙa jiƙawa. Kuɗin ɗan garuwa ko tankar ruwa a sa shi cikin kasafi tun farko, domin shi ne abu na farko da ake yankewa idan kuɗi ya yi ƙasa, kuma babu hoton da zai tona.

Yashi ma a duba. A zuba shi rabin gorar ruwa, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashin zai kwanta, laka ta hau kansa. In lakar ta yi kauri, wannan yashin simintinka zai cinye kawai.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare a cikinmu. Saboda naira tana hawa da sauka, wanda ya samu sefa ko sidi masu kauri sai ya ce bari ya saye siminti buhu ɗari biyu ya ajiye kafin ya yi tsada. Tunanin ɗan kasuwa ne, amma siminti ba gero ba ne. In ya wuce wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, ko da a kan katako aka jera shi nesa da bango, balle a ce ya ratsa damina a cikin kango. Buhun da ka matsa ka ji ƙulalai masu tauri da ba sa murjewa, ya riga ya sha ruwa. In kana son ka kulle kuɗinka cikin kaya, ka mayar da simintin bulo, bulo mai kyau ba ya tsoron jira. Ko ka sayi kwano, ko rodi a ɗaga shi daga ƙasa a rufe.

Rodi kuwa, a nan ne ɗan kasuwa ya fi kowa makami, domin mun san sikeli. Cikakken rodi tsawonsa mita 12 ne. Mai kaurin milimita 12 nauyinsa wajen kilo 10 da rabi da ɗan ɗori, kusan 93 ke yin tan guda. Mai 16 yana kusa da kilo 19, wato 52 ko 53 a tan. Mai 10 kuma kilo 7 da ɗan abu. Kasuwa cike take da wanda ake kira 12 alhali bai kai ba, ko a kauri ko a tsawo. Ido ba ya rabewa, sikeli yana rabewa. A ɗauki guda ɗaya cikin abin da aka sauke a auna, in ya tashi kilo 8 ka san me aka sayar maka. Kuma kada a rage zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙi da na linta don a yi tsimin ƙarfe, su ne ke hana shi buɗewa. A sa 'yan ƙananan gutsattsarin kankare tsakanin rodi da katako, yadda kankare zai lulluɓe ƙarfen da kamar inci guda ta kowane gefe. Rodin da ya leƙo waje tsatsa zai yi, tsatsa kuma kumbura take yi ta fasa kankaren daga ciki.

Haɗin kankare da aka saba da shi a gidaje shi ne ɗaya, biyu, huɗu. Buhu guda kwanon sarki biyu ne, saboda haka buhu ɗaya yana tafiya da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Masu kwaɓa suna son su malala ruwa ya zama kamar kunu don ya yi sauƙin zubawa, ruwan da ya yi yawa kuwa ƙarfin yake kashewa. Ranar zuba dekin, in da hali ka rufe shago ka hau mota. Daga Kumasi zuwa gida tafiya ce, na sani, amma ranar ta fi ranar tarewa muhimmanci. In bai yiwu ba, a biya wani masani wanda ba abokin maginin ba ya tsaya, kai kuma ka kasance a waya ana nuna maka rodin kafin a rufe shi. Sandunan da suka tokare dekin kada a cire su kafin sati uku, ko da mai hayarsu yana ta kira. Wani maƙwabcin shagona ya ɗora bene a kan gidan da aka yi wa harsashin gidan ƙasa, saboda magini ya ce masa zai ɗauka. Bai faɗi ba, alhamdu lillahi, amma bango ya dare tun daga taga har ƙasa, iyalinsa suka koma haya, aka sauke saman da kuɗin da ya kusa na ɗorawa. Mai niyyar bene, ko da sai nan da shekara goma, ya faɗa tun ranar haƙa.

Wannan ya kawo mu ga mutumin da ke tsaye a kan aikin, kuma a nan ne zumunci ya fi lalacewa. Muna ɗora wa ƙane aiki na wata shida, ya bar sana'arsa, yana zirga-zirga da man babur ɗinsa, miliyoyi suna wucewa ta hannunsa, mu kuma ko sisi ba mu yanka masa ba, wai ai ɗan uwa ne. Daga baya a zo ana rantse-rantse a gaban iyaye. Ka yanka masa ladansa a fili, ka ce wannan naka ne, wancan na gini ne. Mai sayen kaya daban, mai gini daban. Magini a biya shi mataki-mataki, harsashi, linta, rufi, kowanne sai an gama an duba. Littafi guda a ajiye, duk buhun da ya shigo da wanda aka fasa a rubuta, a turo maka hoton shafin duk Juma'a. Hoton littafin nan ya fi hoton bango amfani. Kuma kafin a ja igiyar farko a nuna wa uwargida zanen. Ita ta san inda hayaƙin madafa zai bi, da inda za a yi shanya, da nisan da yara za su yi da dare zuwa banɗaki. Ita ce ma za ta tambayi inda masai yake da inda rijiya take, abin da maza ke mantawa sai an gama. A raba su da aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30, kuma masan ya kasance ta gangare. A tuna da na maƙwabci ma, don ruwan ƙasa bai san katanga ba.

Rufi a ƙasarmu iska ce abokiyar gabarsa kafin ruwa. Guguwar farkon damina da ke tasowa daga gabas ba ta cire kwano ɗai-ɗai, ɗaga rufin take yi gaba ɗaya da katakonsa ta ajiye a gidan wani. Dalili kuwa an ɗora katako ne kawai a kan bulo an ɗaure da 'yar waya. Abin da ya kamata, a yi ɗamarar kankare ta zagaye saman ginin duka, a bar ƙananan rodi suna fitowa daga cikinta, a lanƙwasa su a kan katakon. Katakon a shafe shi da maganin gara ta kowane gefe tun yana ƙasa, ba bayan an ɗora a shafa inda hannu ya kai ba. Kwanon alminiyom mai 0.45 da mai 0.55 ba ɗaya ba ne a kuɗi, a auna kaurin a gaban mai sayarwa, suna da abin awon. Bandir ɗin kwano na gargajiya kuma falle 20 ne, a ƙirga. Yayin da ake yi yanzu na ɓoye rufi a bayan rawani yana da kyau a ido, yana kuma kare kwano daga iska, amma duk ruwan yana taruwa ne a kwatar da ke ɓoye a ciki. In ta yi ƙanƙanta, ko leda da ƙurar hunturu suka toshe ta, silin ɗin POP da aka kashe wa dukiya shi zai sha. Wanda ba ya zaune a gidan, ba shi da mai hawa ya share duk shekara, gara ya yi rufin da ke zubar da ruwansa waje kowa yana gani. A ɗaga silin sosai, a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin kwano da raga a jiki saboda jemagu. Zafin watan Afrilu a Maraɗi ko Sakkwato ba ya jin kunyar tayil.

Da yawanmu kuma kafin sabon gini akwai tsohon gidan gado na ƙasa, inda tsohuwa take, kuma ba za ta tashi ba ko an gina mata bene. In ɗa ya samu kuɗi abu na farko da yake yi shi ne ya aika a yi wa gidan filastar siminti. A hoto sai ka ce sabo. Amma siminti da jar ƙasa ba sa kama juna, motsinsu da zafi da sanyi ba ɗaya ba ne. Filastar takan rabu da bangon ta bar kogo, ruwa ya shiga ta tsaga a sama, ya rasa hanyar fita, tubalin ya jiƙe a ɓoye. Bangon da aka yi wa yaɓe in ya fara lalacewa kowa yana gani, a gyara. Wanda aka rufe da siminti kuwa ba ya ba da sanarwa, sai dai cikin dare a ji shi a ƙasa. Ka sa a ƙwanƙwasa filastar, duk inda ta yi ƙarar kogo a ɓamɓare ta. Ginin ƙasa abin da yake so sananne ne tun kakanni: yaɓe kafin damina, makuba in an samu mai haɗa ta, indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, da dakali a ƙasa. A hau soro a cire ciyawa a toshe tsaga, a shiga ɗaki a soki bakin azara da wuƙa inda ta shiga bango, don nan gara take fara ci. In za a ɗora kwano a kan ɗakin ƙasa, a bar bakinsa ya fito sosai ya yi wa bangon laima. Aikin nan duka bai kai kuɗin buhu ashirin na siminti ba a yawancin gidaje, amma lokacinsa watan Maris ne zuwa Afrilu. Kuɗin da aka tura bayan ruwa ya sauka, ƙasar ba za ta samu ranar bushewa ba.